Ƙwaya Uku a Dutsen da Ya Girmi Fure

Ɗakin da Mai Rariya take aiki yana can ƙarshen baranda, a hawan ƙasa na sashen nazarin duwatsu na jami'a, gaba da inda masu shara suke jingine tsintsiyoyinsu. Taga ɗaya gare shi, ita ma an liƙe bakinta da tef tun kafin a haifi yawancin ɗaliban da ke zuwa yanzu. Ba a buɗe ta, ba a kuma kunna fankar sama, komai zafi. Mai shiga sai ya bar takalmi da jaka a waje, ya ɗora farar riga, mace kuma ta sake ɗankwali. In baƙo ya tambayi dalili, sai ta nuna masa bishiyar da ke jikin katanga, ta ce da wannan take faɗa tun tana budurwa.

Aikinta narkar da dutse. Malamai da ɗalibai suna kawo mata guntaye a leda, kowanne da lambarsa. Ta kankare bayansa, ta wanke, ta daka a ɗan turmin ƙarfe, ta zuba a roba ta jiƙa da asid. In wannan ya gama cinsa, ta jiƙa da wani wanda ya fi shi mugunta, wanda ko gilashi ba ya bari. Duk a cikin wani akwati ake yi, mai fanka a bayansa da ke zuƙe tururin ta fitar waje. Dutse ya narke ya bar baƙar laka kamar guggubin shayi. Ita wannan lakar take tacewa a rariya, abin da ya tsaya ta ɗiga a kan siririn gilashi, ta rufe da wani, ta rubuta lamba, ta miƙa wa mai shi ya je ya duba a madubin ƙara girma. Daga nan sunan ya samo asali. Takardar albashi ce kaɗai take kiranta da sunan yanka.

Abin da ake nema a lakar shi ne garin fure, wannan ƙurar da ke manne wa ƙafar zuma. Bawon ƙwayarsa yana da taurin da asid ba ya ci, shekaru ma ba sa ci. Wanda ya faɗa cikin taɓo tun zamanin manyan ƙadangarun nan da suka ƙare, taɓon ya zama dutse, yana nan a ciki da siffarsa.

Yau in mutum ya ɗaga kai, kusan duk koren da zai gani mai fure ne: shinkafa, alkama, wake, auduga, lemo, har ciyawar bakin hanya. Ba haka duniya ta faro ba. Ta daɗe ƙwarai da dazuzzuka ba fure ko ɗaya, sai itatuwa masu ganye kamar allura da danginsu, waɗanda su ma suna sakin nasu garin, amma siffarsa daban. A duwatsun da suka kai shekara miliyan ɗari da talatin ko makamancin haka ake fara ganin garin masu fure, jefi-jefi. A waɗanda suka biyo baya sai ya yi ta yawaita har ya cika gilashi. Inda suka fito da lokacin da suka fara, shi ne har gobe ake ja-in-ja a kai. Masu nazarin ƙwayoyin gado na tsirran yau suna cewa lissafinsu ya nuna sun girmi haka nesa ba kusa ba. Masu duwatsu su ce to a nuna musu. Saboda haka duk wanda ya ce ya tsinci garin fure a dutsen da ya fi wannan tsufa, duniya za ta waiwayo ta dube shi, kuma tambayar farko da za a yi masa ita ce, wa ya tace maka?

Mai Rariya ta shigo ɗakin nan ne a matsayin mai wanke kwalabe. Tsohon da ke riƙe da aikin a lokacin, mutum ne mai faɗa wanda ba ya yabon kowa, ya lura tana ɗauraye kwalba sau uku ko ba wanda yake kallo, sai ya fara barin ta ta riƙe masa abu. Da ya yi ritaya ya bar mata ɗakin da rariyarsa. Rariyar zobe biyu ne na roba, ƙaramin yana shiga cikin babban, a matse ƙyalle a tsakaninsu kamar yadda masu ɗinkin ado suke ɗaure yadi. Ƙyallen ido ba ya ganin hudojinsa. Ƙa'ida ita ce kowane dutse da sabon ƙyallensa, zoben kuma a wanke shi da sabulu da buroshi. An sayo sababbin zobba sau da yawa, suna nan a aljihun tebur da ledarsu. Ta ce ba sa kama ƙyalle kamar na tsohon, kuma hannunta bai san su ba.

Ta haura hamsin yanzu, ritaya saura ƙasa da shekara biyu. A duk zamanta ba a taɓa mayar mata da gilashi an ce da datti ba. Farfesan da ke shugabantar sashen a gabanta ya yi digirinsa na farko, ita ta hana shi tsoma hannu a roba wata rana da ya manta safar hannu. Har yau Anti yake ce mata. In yana magana da abokan aikinsa na wasu jami'o'i, yakan ce a wurin Anti aka tace, a wuce wurin.

Abin dariyar da kowa ya sani a sashen shi ne mijinta mai sayar da dashe ne. Lambunsa yana bakin titi, leda-leda na furanni da 'yan itatuwa jere har bakin kwalta. Tun farkon aurensu suka yi yarjejeniya: kayan aikinta a ɗaki ake shanya su, a ƙulle a jaka, ba ta bi ta lambu da safe, shi kuma in ya dawo sai ya kakkaɓe riga a ƙofa. Yakan gaya wa masu saye cewa shi jikoki yake sayarwa, matarsa kuma kakanninsu take nema. Likita yake kiranta, don farar riga.

A farkon shekarar nan wata ɗalibar digiri na uku ta kawo mata duwatsu. Malamar sakandare ce da ta ɗauki hutun karatu, da 'ya'ya biyu, kowa Malama yake ce mata, ita kuma Mama take ce wa Mai Rariya. Duwatsun daga wata tsohuwar rijiyar bincike aka zaro su shekaru da dama da suka wuce, suna ajiye a sito. Yawancinsu na sama ne, na zamanin da masu fure suke yaɗuwa, kuma a kansu aikinta ya tsaya: ta ƙirga yadda garinsu yake ƙaruwa daga wannan hawa zuwa wancan. Guda ɗaya ne daga can ƙasa, mai shekara wajen miliyan ɗari da saba'in, girmansa bai wuce sabulun wanka ba. An ba ta ne don ta kwatanta kawai, ta nuna yadda gilashi yake kafin fure ya zo. Mai Rariya ta raba shi biyu, ta narkar da rabi, ta mayar da rabi a leda.

Wata safiya Malama ta leƙo ƙofa ba ta ko cire takalmi ba.

"Mama, zo ki ga wani abu. Ni dai idona ya fara yi mini ƙarya."

A ɗakin madubai Mai Rariya ta sunkuya ta duba. A tsakanin tarkacen baƙin itace da garin itatuwa masu allura akwai wata ƙwaya 'yar zagaye, jikinta kamar saƙar raga, da tsaga uku daga sama zuwa ƙasa. Ta san ta. Tsaga uku alamar babban dangi ne na masu fure, dangin wake da auduga.

"Wannan wane gilashi ne?"

"Na ƙasan ne, Mama. Uku na gani. Na duba lambar har na gaji."

Aka kira Farfesa. Ya daɗe a sunkuye, yana juya maɓalli, yana komawa baya. Da ya ɗago sai ya cire tabarau ya goge.

"Ba garin da iska take shigowa da shi ta taga ba ne," ya ce. "Na taga fari yake, a kumbure. Waɗannan ruwan ƙasa ne, sun baje kamar an taka su. Sun sha zaman ƙasa." Ya juya. "Anti, ya hannunki?"

"Kamar kullum."

"Shi ke nan." Ya dubi Malama. "Kada ki fara rawa tukuna. Mutane da yawa sun yi irin wannan iƙirarin an watsa musu ƙasa a ido. Ki ɗauki hotuna masu kyau, zan tura wa mutum biyu da na yarda da idonsu. In sun ce abin da nake tsammani ne, sai mu zauna."

Ta koma ɗakinta ta ci gaba da aiki. Sai da take rataye farar riga da yamma abin ya faɗo mata. A makon da ya gabaci na tsohon dutsen, duwatsun sama ta tace, ɗaya bayan ɗaya. Suna cike da irin wannan ƙwaya, mai tsaga uku, ruwan ƙasa, a baje. Su ma sun sha zaman ƙasa. Launin da ya wanke taga daga zargi bai wanke ɗakinta ba. In ƙwaya ta tsallako daga dutsen sama zuwa na ƙasa, ba madubin da zai nuna.

Ta tsaya da rigar a hannu tana neman lokacin da ta yanka sabon ƙyalle ranar. Ta ga almakashi, ta ga nadin ƙyallen, ta ga hannunta yana matse zobe, amma ba ta san na wace rana take gani ba.

A gida mijin yana zaune a ƙofar ɗaki yana gyaran bakin butar ban-ruwa, ita tana shara.

"Likita, tabarmar nan kin share ta sau biyu. In kin ƙara za ta yi sanƙo."

Ta ajiye tsintsiya ta zauna ta gaya masa. Ya saurara yana murɗa waya a bakin butar.

"Ai na san ƙarshenta ni za a ɗora wa. Shekara nawa ina shiga gidana kamar ɓarawo, ina kakkaɓe riga a ƙofa, maƙwabta suna tsammanin cinnaku ne suka hau ni."

"Ba naka ba ne, Baban yara. Da naka ne da na ji daɗi, gane shi ba wuya."

"To na waye?"

"In akwai, nawa ne."

"Ke dai faɗa mini. Kin canja ƙyallen ko ba ki canja ba?"

"Kai ka kulle lambu ɗazu?"

"Na kulle mana."

"Ka tuna sa'ad da ka murɗa makullin?"

Ya ajiye butar. Ya shafa aljihu ya ji makullin yana nan, amma wannan bai amsa tambayar ba.

"To ka gani," ta ce.

"Ni dai tambaya nake, ba shawara ba. In kin yi shiru, wa zai sani?"

"In takarda ta fita, wani ɗakin gwajin zai nemi ragowar dutsen ya narkar da kansa. In bai ga komai ba, ba za a ce Mai Rariya ba. Sunan yarinyar nan ne a sama. Za a ce ta yi ƙarya, ko ba ta san aikinta ba, kuma da shi za a san ta har ta tsufa."

"In kuma kin yi magana, ashe hannunki tsaf yake?"

"Na ɓata mata abin da ba ta taɓa samun irinsa ba, a banza."

Ya ɗaga butar ya leƙa bakinta. "Gara ni," ya ce. "Nawa in ya mutu, ganye ne yake gaya mini."

Kwanakin da suka biyo baya ba ta faɗa wa kowa ba. Ta riƙa zuwa da wuri, tana tsayawa a gaban tebur tana maimaita motsin da hannu babu komai, ko jiki zai tuna abin da kai ya manta. Ta fara kama kanta tana yanka ƙyalle, ta ajiye, ta sake yanka wani don ba ta tabbata wanne ne sabo ba. Mai shara ta tambaye ta ko ba ta da lafiya. Mutum ɗaya cikin biyun da Farfesa ya tura wa hotuna ya amsa, ya ce siffar ba ta da shakka, abin da ya rage a tabbatar ƙwayoyin 'yan asalin dutsen ne.

Malama ta zo da sabon fulas a leda.

"Naki ya daina riƙe zafi, Mama, na lura. Kada ki ce a'a."

Ta tsaya a bakin ƙofa tana ta zuba, abin da ba ta saba ba. Ta ce surukinta ya daɗe yana tambayar ɗansa wai wane irin karatu ne mace za ta bar aji da yara ta yi shekaru tana leƙen ƙura. Ta ce mahaifinta, wanda ya yi aikin gona duk rayuwarsa, da ta yi masa bayani a waya ya ce a sake faɗa masa a hankali don ya gaya wa abokansa. Ta ce ta fara tunanin sauya kan aikin gaba ɗaya. Mai Rariya ta karɓi fulas ɗin ta yi godiya, ta ajiye shi a waje tare da takalma.

Washegari ta yanke shawarar gwada kanta. Ta wanke zoben tsohon kamar yadda ta saba, ta yanka sabon ƙyalle tana kallon almakashin da ido biyu, ta matse, ta zuba tataccen ruwa zalla, babu dutse babu laka. Ta ɗauraye ƙyallen ta ɗiga a gilashi, ta kai ɗakin madubai lokacin da ɗalibai suka fita cin abinci. Ta bi shi layi-layi daga wannan gefe zuwa wancan. Ba komai, sai zare ɗaya na ƙyalle.

Ta ce ranar ce ta fara jin yunwa a makon. Ta ci abinci, ta yi wa mai shara ba'a. Ta koma ta ɗauki wani aiki na wani malami, laka mai kauri da ta ƙi wucewa, sai ta ga yatsanta yana ƙwanƙwasa gefen zobe, tas tas tas, yadda take yi kullum in laka ta toshe ƙyalle. Ta tsaya. Da ruwa zalla ba ta ƙwanƙwasa ba, don ba abin da ya toshe. Lakar tsohon dutsen kuwa ta tuna da ita sarai, mai danƙo ce, ta sha ƙwanƙwasa.

Ta ajiye aikin malamin. Ta sake wanke zobe, ta sake yanka ƙyalle, ta zuba ruwa mai ɗumi, tana zubawa tana ƙwanƙwasawa har yatsanta ya yi ja. A layi na kusa da ƙarshe ta gan ta, ita kaɗai a fili fetal, ruwan ƙasa, da tsaga uku.

Ta ɗauki ƙaramin zoben ta kai ƙarƙashin fitila da gilashin hannu, tana juya shi a hankali. A bakinsa na ciki, daidai inda ƙyalle yake kwanciya, akwai tsagewa siririya kamar gashi, tsawon farce. In an matse zoben sai ta ɗan buɗe, in an saki ta rufe. A cikinta akwai baƙin layi da buroshi bai taɓa kaiwa ba.

Ba ta fara zuwa wurin Farfesa ba. Ta jira Malama ta shigo ɗakin madubai, ta ɗora gilashin ta daidaita mata.

"Duba nan, 'yata."

Malama ta sunkuya, ta ɗago da fara'a. "Wata kuma? Daga ragowar lakar?"

"Ba laka. Ruwa ne zalla na tace."

Ta ajiye zoben a gabanta ta nuna mata tsagewar, ta faɗa mata komai yadda ya faru, da makon da ta tace na sama, da ƙwanƙwasawar. Malama ta sake sunkuyawa ta daɗe, ko da yake ba sauran abin gani.

"Tun yaushe kike zargi?"

"Tun ranar da kika kira ni."

"Kina kallona ina ta surutu a ƙofarki, Mama. Har fulas."

"Ina kallonki."

"Da kin ce mini in dakata. Kalma ɗaya."

"Ban sani ba a lokacin. Na ji tsoron in ɓata miki a banza."

"Yanzu fa da dalili kika ɓata." Ta juya zoben da bakin biro, kamar ba ta son taɓa shi. "Ɗaya kika gani. Nawa uku ne. Wannan bai nuna nawa daga nan suka fito ba."

"Bai nuna ba."

"To a narkar da ragowar."

Farfesa ya saurare su a tsaye. Ya ɗaga zoben ya duba a hasken taga, ya ce ya san shi tun yana ɗalibi. Bai yi faɗa ba. Ya gaya wa Malama cewa in aka narkar da ragowar, ba abin da zai saura da wani zai gwada, amma in ba a narkar ba, ba abin da za a rubuta. Ya ce dutsenta ne, ita za ta zaɓa.

"A narkar," ta ce. "Amma ni zan tace da hannuna."

Ba wanda ya dubi Mai Rariya. Ita ce ta ce haka ya kamata.

Asid dai ita ta zuba, don ita kaɗai aka yarje wa taɓa shi. Turmi, roba, kwalba, komai sabo aka fasa daga leda. Ranar tacewa Malama ta ɗora farar riga ta tsaya a wurin da ba wanda ya taɓa tsayawa sai tsohon da magajiyarsa. Mai Rariya ta koma jikin bango ta goya hannu a baya. Sabon zoben ya ƙi kama ƙyalle, kamar yadda ta sha faɗa, yana zamewa ta gefe ɗaya. Ta ga laka tana neman bin gefen ta zube, laka ta ƙarshe da ta rage daga wannan zurfin.

"Ja shi ta hagu," ta ce. "A hankali."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan har aka gama.

Malama ta yi kusan mako tana duba gilasan, Farfesa ya sake bi bayanta. Garin itatuwa masu allura ya fito da yawa, da na sauran tsirran wancan zamani, tsaf, ba datti. Mai tsaga uku ko ɗaya. Farfesa ya ce rashin gani a rabi ba ya rantsuwa cewa babu a ɗaya rabin, amma ba mai hankalin da zai buga takarda a kan ƙwaya uku da suka bi ta tsagaggen zobe. Ya rubuta wa mutanen biyu ya gaya musu. Malama ta koma kan aikinta na farko, wanda ya ce ya isa digiri ba tare da wani abin mamaki ba. Ta nemi a sake tace duwatsun sama da sabon zobe, aka sake. Tana gaida Mai Rariya kullum, da ladabi, daga bakin ƙofa. Abin da ta gaya wa mahaifinta, ba wanda ya tambaye ta.

Ga sashen, magana ta ƙare a nan. Ga Mai Rariya kuwa akwai kabad ɗin ƙarfe da ke baranda, mai aljihuna daga ƙasa har sama, cike da gilasan da ta tace tun ranar da tsohon ya miƙa mata ɗakin. Duk ta zobe ɗaya suka bi. Ba wanda ya san lokacin da ya tsage. Yana iya zama bara, yana iya zama tun yana hannun mai shi.

"Anti, ki bar shi," in ji Farfesa. "Yawancin aikin nan ƙwaya ɗaruruwa ake ƙirgawa a gilashi. Baƙuwa ɗaya ko biyu ba za su canja komai ba."

"Yawanci," ta ce.

Ya san abin da take nufi. Akwai duwatsun da ba sa ba da gari da yawa, waɗanda aka yanke shekarunsu a kan 'yan ƙwayoyi ƙalilan, aka rubuta, aka buga, wasu suka ɗora nasu aikin a kai. Ta san su, ta san masu su, wasu ta halarci bikin aurensu.

Ya ba ta izini. Yanzu in ta gama aikin safe, takan jawo aljihu ɗaya, daga na baya-bayan nan tana komawa baya. Lambobin gilasan a jere suke, saboda haka tana iya ganin wane dutse ne ya bi bayan wanne a rariya. Inda tsohon dutse mai ƙarancin gari ya biyo bayan wanda ya fi shi ƙuruciya da yawan gari, sai ta ware gilashin gefe, ta je sito ta duba ko akwai ragowar da za a sake narkarwa. Wasu akwai, wasu babu. Aikin yana tafiya a hankali, idonta kuma ba kamar da ba. In ta dubi abin da ta gama, ta dubi abin da ya rage har sama, ta san ritaya za ta riga ta.

Mijin ya ce ta fara magana da aljihunan kabad a cikin barci. Ya ce in ta yi ritaya zai ba ta aikin ban-ruwa, inda in mutum ya yi kuskure washegari yake gani. Ta ce sai ta gama.

Gilasan da ta ware suna cikin wani ɗan akwatin katako a kan teburinta. Na farkonsu na wani tsohon ɗalibi ne da yanzu yake koyarwa a wata jami'a mai nisa, wanda aikin da ya fara fito da sunansa ya tsaya a kan dutse ɗaya da ƙwayoyi kaɗan. A sito ba a sami ragowar dutsensa ba. Farfesa ya ce shi zai kira shi, ta ce a'a, ita ta tace. Ta karɓi lambarsa ta riƙe kwana da kwanaki. Ranar da ta kira, ta fita baranda ta tsaya kusa da kabad ɗin, da farar rigarta a jiki. Bugu biyu ya ɗauka.

"Mama? Yau wace rana? Ina nan ina ta cewa zan kira ki, wallahi kunya ce ta hana ni. Ya Baba, ya lambu?"

"Duk lafiya," ta ce. "Kana aji ne?"

"Yanzu na fito."

"To samu wuri ka zauna. Maganar dutsenka ce."